Sauka Tukuna, Sannan Madrasa

Ƙarfe tara da rabi na agogon Larabawa, wanda muke ƙirgawa daga faɗuwar rana, wato bayan sallar la'asar da kaɗan, ranar Alhamis. Mu biyar ne a ɗakin. Ta farko Inna, babbarmu, mai ɗakin. Ta biyu malamar da ta zo daga Sudan, wadda muke kira Hala, wato gwaggo da Larabci. Ta uku da ta huɗu wasu 'yan'uwa ne, ya da ƙanwa, masu makaranta ɗaya a kan hanyar Balad, wato tsohon gari. Ta biyar ni, ƙaramarsu. Mu ne dukan malaman allo mata na ɓangarenmu na unguwar Hindawiyya, a nan ƙasar Larabawa, a wancan zamani. Larabawa suna ce mana faƙiha, mutanenmu suna ce mana malama.

Zaman Alhamis tun kafin in shigo cikinsu ake yin sa. Kowa da wurinta. Inna tana jingine da bango kusa da taga, butar shayi a gabanta, don ba ta yarda wata ta zuba. Na'ana'a a ƙaramin faranti, soyayyar gyaɗa a babba. Idan iskar teku ta taso, labulen tagar yakan riƙa taɓa mata kai, ta ture shi ba tare da ta daina magana ba. Daga nan muna jin kukan jiragen ruwa idan suna shiga tasha.

A wannan zaman muke shirya komai. Ba mai karɓar ɗalibar wata sai da iznin malamarta. Ba a sa walimar sauka biyu rana ɗaya. Idan ɗayanmu ta kwanta ciwo ko ta haihu, sauran su raba 'yan matanta har ta tashi. Lokacin da na yi haihuwar fari, wata biyu Hala tana riƙe da rabin makarantata, kuma ta dawo mini da su ba wadda ta koma baya ko da aya ɗaya. Ina so a san wannan kafin in faɗi sauran. Zaman Alhamis abin kirki ne, kuma har yau ban sake samun irinsa ba.

Maganar ranar ita ce madrasa. Gwamnati ta buɗe makarantar 'yan mata a bayan kasuwa, 'yan mata uku kuma sun bar makarantar 'yan'uwan nan biyu a tsakiyar izifi sun koma can, ba ko sallama.

Hala ce ta fara. Ta ce, "Jiya na gamu da ɗayarsu, jaka a kafaɗa kamar mai zuwa ofis. Na ce zo nan, ya binti, karanta mini inda kika tsaya. Sai ta ce wai abla, malamarsu ta madrasa, ta ce ba su kai nan ba tukuna. Abla! Wannan ablar in kun gan ta, wallahi na girme ta da haihuwa biyu."

Babbar 'yan'uwan ta ce, "Ke gamuwa kika yi. Mu allunansu suna nan jingine, kullum muna kallo."

Inna ta kurɓi shayi ta ce, "Ni ban ce kada yarinya ta je madrasa ba. Amma ta sauke Alƙur'ani tukuna. In ta sauke, ta je duk inda ubanta ya ga dama."

Kowa ta ce haka ne. Ni ce na ce a rubuta. A cikinmu ni kaɗai na iya rubutun wasiƙa, don mahaifina yakan zauna a bakin tashar jiragen ruwa yana rubuta wa alhazai takardu, ni kuma na koya a gefensa. Karatuna bai yi nisa ba, amma hannuna a tsare yake. Aka ba ni takarda, na rubuta sharaɗi uku. Na ɗaya, sauka tukuna, sannan madrasa. Na biyu, ba malamar da za ta rubuta wa yarinya takardar shaida kafin ta sauke. Na uku, duk mai ƙorafi a kan wannan ta kawo shi zaman Alhamis, kada ta yi gaban kanta. Na karanta musu, suka dangwala yatsa. Na koma gida ina jin daɗin yadda abin ya jeru.

Dole in bayyana wannan takardar shaida, don ita ce ta ba sharaɗinmu ƙarfi. Yawancin 'ya'yanmu a gida aka haife su, ba su da takardar haihuwa. Madrasa kuwa ba ta rubuta yarinya sai da takarda mai hatimin umda, wato mai unguwa, wadda ta ce wannan 'yar wane ce kuma a unguwar take zaune. Umda ya san maza, bai san 'yan mata ba. Saboda haka sai ya riƙa neman malamar yarinyar ta rubuta shaida, shi kuma ya buga hatimi a ƙasa. Daga nan likita ya duba haƙoranta ya kintaci shekarunta, sannan a kai ta madrasa.

A wannan shekarar kujerar umda tana rawa. Akwai wani ɗan kasuwa mai sito na hatsi da yake son ta, yana bin majalisun maza yana cewa an bar 'ya'yan unguwa a baya, nasa 'ya'yan kuwa suna cikin na farko da suka shiga madrasa. Dattawa suka rabu biyu. Umda ya san maganar Inna tana shiga kowane gida ta bakin mata, kuma mahaifiyarsa ƙawar Inna ce, tare suka keto Sudan a ƙafa suna 'yan mata. Sai Inna ta aika mata da saƙo, ita kuma ta faɗa wa ɗanta. Daga ranar, in babu takardar malama, babu hatimi. Ba wanda ya ce a yi masa wani abu a madadin haka. Amma da aka zo jin ra'ayin magidanta a kan kujerar, mazajenmu da iyayen ɗalibanmu sun san inda za su tsaya, umda kuma ya zauna daram.

Shekara biyu muka yi a haka, kuma shekaru ne masu daɗi a wurina. Makarantata rumfar kwano ce a tsakar gidanmu, da tabarmi uku. Da sassafe mai ruwa ya zo da garwa biyu ya cika randa. Sannan 'yan mata su fara shigowa, wasu da guntun burodin tamis a hannu. Takalma a jere bakin ƙofa, manya a dama, ƙanana a hagu. A wanke alluna, a jingina su a rana, a yi bitar na jiya, a yi sabon rubutu, sannan a yi biyawa. Ban taɓa sauya wannan jerin ba ko da rana ɗaya. Idan yarinya ta kai inda ake yi mata biki, mukan yi wa allonta ado da tawada kala-kala, a sa mata sababbin kaya, 'yan'uwanta su raka ta da waƙa daga ƙofata har gidansu, mata suna leƙe ta tagogi suna watso alewa. Muryoyin nan har yau idan na yi shiru ina jin su.

Cikin ɗalibaina akwai wata yarinya, 'yar wani ɗan dako a tashar jiragen ruwa. Uwarta tana sayar da gyaɗa da ƙosai a bakin ƙofar tashar. Siririya ce, da ɗan tabo a girar hagu. Ita ce take fara zuwa, kuma kafin in ce komai ta jera takalman kowa. Ba abin da zai wuce ta gabanta da rubutu a jiki ba ta tsaya ta haɗa baƙaƙensa ba: buhun da ubanta ya kawo gida, gwangwanin madara, allon shagon mai wanki. Wata rana ta kawo mini yagaggen buhu ta ce in gaya mata abin da lambobin jikinsa suke nufi. Na ce mata nan wurin Alƙur'ani ne, ta mayar da buhunta. Na so yarinyar nan ƙwarai. Ban taɓa gaya mata ba, don ba na yabon ɗaliba a gabanta.

Ranar wata Lahadi, ana shirin buɗe madrasa bayan hutu, uwarta ta shigo bayan yara sun tashi. Ta ajiye mini ƙullin gyaɗa, ta zauna a bakin tabarma. Muka gaisa, muka sake gaisawa, sannan ta ce, "Malama, alfarma na zo nema. Takardar shaida."

Na ce, "Kin san sharaɗin."

"Na sani, Malama. Amma yarinyar nan ta hana mu sakat. Kullum in na aike ta kasuwa sai ta bi ta bayan madrasa ta tsaya jikin taga. Jiya ablar ta kama ta tana leƙe, ta sa ta karanta abin da ke kan allon bango, ta karanta tas. Ita ce ta ce in kawo takardu. Ta ce wuraren sun kusa cika, kuma ba sa ɗaukar wadda ta wuce tara a ajin farko. Ita kuwa bana take cika tara."

"Ta sauke tukuna."

"Yaushe za ta sauke, Malama?"

Ba da gatse ta tambaya ba, so take ta sani. Na buɗe baki in ba ta amsa, sai na ga ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba. Na ce ta je, zan duba.

Da ta fita na zauna na bi abin daki-daki, yadda na saba. Yarinya takan zo mana tana da shekara shida. A hannuna, mai ƙoƙari ƙwarai takan sauke tana sha biyu, sauran sha uku ko fiye. Ban taɓa ganin wadda ta sauke tana tara ba, a wurina ko a wurin Inna. Madrasa kuma ba ta karɓar wadda ta wuce tara. Ashe duk wadda ta bi sharaɗinmu na ɗaya ba za ta taɓa shiga madrasa ba. Mun ce sauka tukuna, muna ganin jeri muka yi, alhali ƙofa muka rufe gaba ɗaya. Kuma da hannuna na rubuta.

Nan take na ɗauko takarda da alƙalami. Na sa ranar a sama, kamar yadda mahaifina ya koya mini, na rubuta shaidar yarinyar da kyakkyawan hannu, na bar ta ta bushe, na ninke, na sa a akwati. Ban aika musu ba.

Maigidana kafinta ne, yana gyaran kwale-kwale. Da ya dawo na gaya masa komai. Ya ce, "To ai shi ke nan, tunda kin rubuta. Ba ni in kai musu yanzu."

Na ce, "Sai Alhamis."

"Me ya haɗa takardar yarinya da Alhamis?"

"Sharaɗi na uku. Mai ƙorafi ta kawo shi zama, kada ta yi gaban kanta. Ni na rubuta shi. In na fara karya shi, gobe wa zai riƙe sauran?"

Ya dube ni ya ce, "Ke dai ko gobara ce ta tashi, sai kin jera takalma kafin ki fita."

Ban yi dariya ba. Gani nake kwana huɗu ba wani abu ba ne.

Litinin uwar ta leƙo. Na ce ta yi haƙuri zuwa Alhamis, akwai alheri in sha Allahu. Ban ce mata takardar tana cikin akwati ba. Talata yarinyar ta yi biyawarta ba kuskure, ta tsaya tana kallona kamar za ta yi magana, na ce ta koma wurinta. Laraba da azahar ubanta ya zo da kansa. Ya tsaya a waje, ni ina bayan ƙofa. Ina jin warin gishiri da gumin aiki daga inda nake.

Ya ce, "Malama, na bar aiki na zo. Na je wurin umda, ya ce shi ba ruwansa, in kawo takardarki. Ni ban yi karatu ba, kin sani. Kullum a tasha ana miƙo mini takarda in dangwala yatsa, ban san abin da ke ciki ba. Ba na so ita ma ta tashi haka. Don Allah."

Na ce, "Gobe ne zama. Ka ba ni zuwa gobe."

Ya ce, "To, Malama. Allah Ya kai mu." Na ji takunsa har ya sha kwana. Tsakanina da akwatin nan bai fi taku biyar ba.

Alhamis na riga kowa isa ɗakin Inna. Na bari aka zuba shayi, aka gama maganar walimar da ke tafe, sannan na nemi izni. Na faɗi lissafina daga farko har ƙarshe, na ce sharaɗi na ɗaya ba ya biyuwa, a gyara shi.

Hala ta ajiye kofinta. Ta ce, "Ikon Allah! Marubuciyar da kanta. Ke ce fa kika ce a rubuta, muna zaman zamanmu da magana ta baki. Yau kuma alƙalamin ya juya? Ko ɗan kasuwan nan ya aiko miki da buhun shinkafa ne?"

Na ce, "Hala, ki ji tsoron Allah."

"Ina jin tsoronsa, shi ya sa nake magana. Yau ɗaya, gobe goma. In muka buɗe wannan ƙofar, halas, shi ke nan, sai mu zauna muna koya wa tabarmi karatu. Kuma wa ya ce miki za su dawo su ƙarasa? Waɗancan ukun sun dawo?"

Ƙaramar 'yan'uwan, wadda ba ta cika magana ba, ta ce, "Ba su dawo ba don mun ce kada su dawo, Hala."

Inna ta ture labule daga kanta. Ta dubi kowaccenmu bi da bi, ta tambaye ta shekarun mafi ƙanƙantar yarinyar da ta taɓa saukewa a hannunta. Ni na ce sha biyu. 'Yan'uwan suka ce sha biyu. Hala ta ce sha ɗaya, amma 'yar liman ce, ana yi mata ƙari a gida. Inna ta daɗe tana murza carbi. Can ta ce, "Ashe mun hana. Ni kuwa na ce ban hana ba, kuma a gaban Allah na faɗa." Ta juyo gare ni. "Ke kika rubuta, ke za ki gyara. Da safe madrasa, da yamma allo. Duk uban da ya yarda da haka, a ba shi takarda."

Babbar 'yan'uwan ta ce, "Umda fa, Inna? Za a ce ya bi maganar ɗan kasuwa."

Inna ta ce, "Umda a gabana aka yanke masa cibi. Ku bar ni da uwarsa."

Hala ta tashi ta yafa mayafinta ta fita, shayinta rabi a kofi. Ba a taɓa yin haka a ɗakin Inna ba. Na rubuta sabon sharaɗin, mu huɗu muka dangwala. Na koma gida da sauƙin zuciya. A ganina na yi komai a kan ƙa'ida: na kawo ƙorafi inda ya dace, an saurare ni, an gyara.

Juma'a ba aiki. Asabar da hantsi maigidana ya raka ni wurin umda, yana zaune a kan doguwar kujerarsa a bakin titi, dattawa biyu a gefensa. Saƙon Inna ya riga ya iso masa. Ya karɓi takardar daga hannun maigidana, ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Malamai, ku kuka ɗaure, ku kuka kwance. Ni hatimi ne kawai, inda aka ce in sauka nan nake sauka." Dattawan suka yi dariya. Ya hura hatimin ya buga. Sannan ya ɗaga murya yadda na nesa za su ji, ya ce dama shi tuntuni yake son 'ya'yan unguwa su shiga madrasa. Da yamma aka kai yarinyar wurin likita, ya duba haƙoranta ya rubuta tara.

Lahadi da sassafe na rufe makarantata, abin da ban taɓa yi ba, na tafi da su da kaina. Uwar ta ɗinka mata sabuwar riga. Yarinyar ce take riƙe da takardun, da hannu biyu, kamar mai ɗauke da kwano cike da ruwa. Wannan ne shigata madrasa na farko. Na ga kujeru a jere, na ga baƙin allo a bango, na ga ƙararrawa rataye. A raina na ce lallai masu wurin nan sun san tsari.

Ablar yarinya ce ƙarama, kamar yadda Hala ta faɗa, amma mai ladabi. Ta gane yarinyar nan da nan, ta shafa kanta. Ta buɗe babban littafin da ake rubuta sunaye, ta juyo mini shi don in gani da idona. Layin ƙarshe a cike yake. Ta kira ni yadda suke kiran babbar mace, ta ce, "Ya hala, ranar Laraba muka rubuta ta ƙarshe, kuma mun riga mun aika da sunayen sama. Na riƙe mata wuri har Talata. Da kun zo ko da Laraba da safe ne."

Na ce a ƙara kujera ɗaya. Ta ce ba a hannunta yake ba. Na ce yarinyar ta zauna a ƙasa, ta saba da tabarma. Ta ce wadda ba ta cikin littafi ba ta zama a aji. Na ce to baɗi. Ta nuna mini inda likita ya rubuta tara. Ni da ban taɓa roƙon kowa ba, na roƙi ablar nan da na girma da shekaru masu yawa, har ta fara share hawaye da gefen mayafinta. Ƙa'ida ta bi, kuma ni ce mutum ta ƙarshe da za ta ga laifinta a kan haka.

Muka fito. Muna tafe har muka zo daidai shagon mai wanki. Yarinyar tana ta duban takardata, leɓɓanta suna motsi, tana haɗa baƙaƙe kamar yadda ta saba. Sai ta ɗago ta ce, "Malama, nan sama an rubuta Lahadi. Yau ce, ko waccan Lahadin?"

Uwar ta tsaya cak. Na ce, "Waccan."

Yarinyar ta ce, "To," ta miƙo mini takardar. Uwar ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, a ranar ko bayanta. Washegari ma sai da ta aiko mini da gyaɗa.

Yarinyar ta ci gaba da zuwa allo. Ita take fara zuwa, ita take jera takalma. Sai dai ba ta sake kawo mini wani rubutu ta ce in duba mata ba. Na yi niyyar in riƙa koya mata rubutun wasiƙa da lambobi bayan an tashi, na ce bari ta kai ƙarshen izifin da take ciki tukuna. Kafin ta kai, bayan aikin hajjin shekarar, ubanta ya sami aiki a Makka, suka tashi cikin kwana biyu. Ta zo sallama ina kasuwa. Na dawo na tarar da allonta jingine a wurinsa, da rubutun ranar a jiki ba a wanke ba.

Shekarar da ta biyo baya na rubuta takardun shaida da yawa, kuma kowace a ranar da aka nema na bayar. 'Yan mata suka riƙa zuwa da yamma da tawadar madrasa a yatsunsu. Wasu sun sauke, wasu sun bari a hanya, Hala ba ta yi ƙarya ba a nan. Ita kanta Alhamis uku ta yi ba ta zo ba, a ta huɗu ta shigo ta zauna a wurinta ta ce shayin gidanta ba ya daɗi. Ɗan kasuwa bai sami kujerar ba. Umda ya mutu a kanta, ana yabonsa cewa shi ya buɗe wa 'yan matan unguwa hanyar karatu. Bayan rasuwar Inna mun yi ƙoƙarin ci gaba da zama a ɗakina, amma ba wadda ta iya zama kusa da butar shayi, sai abin ya watse a hankali. Tabarmina uku suka koma biyu, suka koma ɗaya. Rumfar kwanon ma yanzu babu ita.

Na sa an tambaya a Makka sau da yawa. Wani ya ce sun koma Madina, wata ta ce ta ji an ce Sudan. Ban sami tabbas ba. Allon yana wurina, ban wanke shi ba. Takardar ma tana nan, da hatimin umda a ƙasa da ranar Lahadi a sama.

Kai mai karanta wannan, ko ke, ga abin da nake roƙo. Idan kun san wata mata haifaffiyar Hindawiyya, 'yar ɗan dako da mai sayar da gyaɗa a bakin tasha, mai tabo a girar hagu, wadda in ta shiga gidan mutane sai ta gyara takalman bakin ƙofa, ku karanta mata wannan daga farko har ƙarshe, kada ku tsallake komai. Kada ku nema mini gafara a wurinta, wannan ni zan yi da bakina. Ku dai ce mata allonta yana hannun malamarta, tsofaffin unguwa sun san gidan. In ba za ta iya zuwa ba, ta aiko a gaya mini inda take, ni zan je. Kuma ranar da kuka gane ta, a ranar za ku gaya mata. Kada ku bari sai Alhamis.